Wa za mu ba makulli?

 

Wannan makon sai kun yi haƙuri da mu. Shafin da muka saba cikawa da lissafin asusu da sanarwar ɗaurin aure mun ba wata magana dabam, domin ta fi ƙarfin kwamiti shi kaɗai. Ranar Asabar da ta wuce mun zauna bayan sallar isha'i muna zaton rabin awa ta ishe mu, sai ga shi har mai shayin bakin titi ya kwashe kayansa ba mu tashi ba, kuma ba mu yanke komai ba. Sakatarenku ya cika shafi shida na littafin taro, da ya zo dubawa da safe sai ya tarar yawancinsu tambayoyi ne.

Ga abin da ya kawo zaman. Shugaban makarantar Islamiyyarmu ya zo da shawarar a kafa ƙungiyar zaɓaɓɓun ɗalibai. Kowace shekara a ɗauki goma sha biyu, maza shida mata shida, a rubuta sunayensu a allo a bakin ofis, a ba su takardar shaida ranar walimar sauka, a zaunar da su a sahun gaba. Bai ɓoye mana ba, ya ce ba shi ya ƙirƙiro abin ba. Al'ada ce ta makarantun sakandaren Amurka, inda tun 1921 suke da ƙungiyar karrama ɗalibai ta ƙasa baki ɗaya, kuma makarantun Musulmi na can da dama sun buɗe rassanta. Abu huɗu suke dubawa kafin su ɗauki yaro: ƙoƙarinsa a karatu, hidimar da yake yi wa jama'a, halinsa, da shugabanci. Malaman makarantar ne ke zama su tace sunayen.

Babu wanda ya ƙi shawarar don ta zo daga nesa. Mu da muke neman abincinmu a garin wasu mun fi kowa sanin cewa abu mai amfani ba shi da ƙabila. Maganar karatu ba ta ci lokaci ba, ga sakamakon jarrabawa nan, ga littafin hadda. Hidima da hali an ɗan ja, aka wuce. Da aka zo kan shugabanci sai aka yi cirko-cirko. Yaro ɗan shekara goma sha uku, da me za ka auna shugabancinsa?

Malamai sun zo da sunayen gwaji. Da aka karanto sai muka ji monitocin ajujuwa ne, da masu zuwa na ɗaya da na biyu, da waɗanda ake ba lasifika ranar walima su yi jawabi da Larabci da Turanci. Yara ne na kirki, mun san iyayensu, babu wanda za a ce bai cancanci yabo ba. Amma wani dattijo daga cikinmu, wanda ya fi shekara arba'in yana ɗaure huhun goro a garin nan, ya gyara zama ya ce da shugaban makaranta: "Malam, in tafiya ta kama ka zuwa gida na sati biyu, wanne daga cikinsu za ka bar wa makullin shagonka?" Aka yi shiru. Can sai wani malami ya yi dariya ya ce, "Ai Baba in makulli ne, wanda zan ba ba ya cikin takardar nan."

To jama'a, daga nan maganar ta fara.

Mu fa 'yan kasuwa ne, kuma wannan unguwa ta Sabo, tun da aka ware ta ga Hausawan Ibadan a 1916, a kan abu ɗaya take tsaye. Mutum zai taso daga Arewa da shanun da suka ci dukiyarsa da ta danginsa, ya sauka gidan maigidansa, a sayar wa mahautan gari bashi, ba takarda ba sa hannu, shi kuma maigida ya tsaya a kan cewa kuɗin za su fito. Goro ya bi hanya ya nufi Arewa a kan irin wannan yardar. Wanda ya ci amana sau ɗaya, ko bai bar garin ba ya gama kasuwa. Saboda haka babu uban gida a cikinmu da bai san yadda ake gwada yaro ba. Za ka ba shi kuɗin aike ka ƙara wani abu a kai kamar ka yi kuskure, ka ga ko zai dawo da shi. Za ka ce ka tafi masallaci, ka tsaya daga nesa ka ga yadda yake yi da mai ciniki in ba ka nan. Za ka lura ko yana tashi ya kama wa maƙwabci kaya in ruwa ya sauko, alhali ba kayan shagonku ba ne. Ba ma tambayarsa ya tsara mana magana a kan gaskiya. Kai, yaron da ya cika zaƙin baki ma ƙara sa masa ido muke yi.

Abin mamaki shi ne, wannan ilimin da muke da shi a kasuwa, da mun shigo harabar makaranta sai mu ajiye shi tare da takalmanmu. A shago muna duba abin da yaro ke yi in ba a ganinsa. A makaranta kuma muna ba da lambar yabo a kan abin da ya yi a gaban taro. Yaron da ya iya jawabi baiwa ce Allah ya ba shi, a yaba masa a kan jawabi. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi kyautar na ɗaya, har a ƙara masa. Amma a ce don ya iya tsayawa gaban lasifika shi ne shugaba, wannan ganin kitse ne ake yi wa rogo. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, yaran da suka fi sakin baki da Turanci su ne waɗanda iyayensu ke iya biya musu makarantar boko mai tsada da safe. Ka ga ke nan aljihun uba muke aunawa ba mu sani ba.

Sai dai maganar makulli ma ba ta gama tambayar ba, kuma na'ibin liman ne ya tuna mana. Ya kawo labarin Abu Zarri (RA), sahabin da aka shaide shi da gaskiya da gudun duniya, wanda ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi wani muƙami, aka nuna masa cewa shi mai rauni ne a wannan fagen, abin kuma amana ce da za ta zama nadama ranar gobe ga wanda bai riƙe ta da haƙƙinta ba. Ba imaninsa aka taɓa ba, ba gaskiyarsa ba. Ashe mutum na iya zama amintacce ƙwarai, a bar masa makulli da kuɗi ba a rasa ko kwabo ba, amma a ba shi mutum goma ya kasa tafiyar da su. A Suratul Ƙasas ma, da ɗiyar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, abu biyu ta haɗa, ƙarfi da amana. Ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya.

To mene ne ƙarfi a jikin yaro ɗan makarantar Islamiyya? Ba damtse ba ne dai. Bari mu ba ku abin da muka gani da idonmu, ba za mu kama suna ba.

Akwai wata yarinya da ke zuwa daga can tsallaken titi, ta wajen Mokola. Duk wanda ya san wurin da yamma ya san yadda 'yan tasi masu Micra da 'yan acaɓa ke rige-rige, babba ma sai ya yi addu'a kafin ya tsallaka. Wannan yarinya kullum sai ta bi gida-gida a lungunsu ta tattaro ƙanana, wani lokaci bakwai wani lokaci tara, ta jera su, ta sa manya a gefe biyu ƙanana a tsakiya, ta ɗaga hannu ta tsayar da mota, su wuce. In an tashi ta ƙirga su kafin su kama hanya. Babu wanda ya naɗa ta, babu wanda ke biyanta. Iyayen yaran ma wasu sun ɗauka haka nan abin yake faruwa da kansa. Saboda wannan zagayen takan makara, kuma an sha tsayar da ita a bakin ƙofa tare da masu latti. A jarrabawa tana tsakiya, ba gaba ba baya. Amma ku duba abin da ke hannunta: ta ga matsala ba a nuna mata ba, ta tsara yadda za a yi, yara na jin maganarta ba tare da ta riƙe tsumagiya ba, kuma ta yi shekara biyu ba ta fasa ba. Mu dai ba mu san wani abin da ake kira shugabanci da ya wuce wannan ba.

Akwai kuma wani yaro. Rannan wajen ƙwallo rigima ta tashi tsakanin yaranmu da 'ya'yan maƙwabtanmu Yarbawa, har an fara ɗaukar duwatsu. Shi ne ya shiga tsakani. Ya juya ya yi wa waɗancan magana da Yarbanci tsantsa, da irin ladabin da suke so a yi musu, ya juyo ya daka wa nasa tsawa da Hausa, ya sa wanda ya fara zagi ya ba da haƙuri. Wasu daga cikin abokansa sun yi kwana biyu ba sa kula shi, wai ya goyi bayan bare. Wanda yake zaune a Kano ko Sakkwato zai iya cewa wannan wasan yara ne. Mu ba za mu ce haka ba. Ba mu manta da watan Fabrairun 2021 ba, lokacin da 'yar taƙaddama a kasuwar Shasha ta zama gobarar da ta ci rayuka da shaguna da gidaje, mutanen da suka yi shekaru suna ciniki tare suka wayi gari suna gudun juna. Yaran nan da aka haifa a nan, masu jin harshen gari fiye da mu, su ne bakinmu nan da shekara ashirin. Su za su zauna da sarakunan gari da shugabannin kasuwa da jami'an tsaro a madadinmu. Wanda zai iya haɗiye fushi, ya faɗa wa nasa cewa ku ne da laifi, ya jure su juya masa baya, irinsa muke nema, kuma tun yanzu ya kamata mu san shi. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Shi ma wannan yaron ba ya cikin sunayen gwaji. Ba monita ba ne.

Tunda an zo kan monita, bari mu taɓo abin da ba a so a taɓa. Yaya muke naɗa monita? Malam zai fita, ya duba wanda ya fi girman jiki ko wanda ya fi kusa da shi, ya miƙa masa bulala da takarda ya ce rubuta min masu surutu. Shi ke nan. Darasin farko da yaro ya koya game da mulki shi ne, mulki ikon hukunta wasu ne. Darasi na biyu ba ya daɗewa yake zuwa: ana iya goge suna da alewa ko da naira hamsin, ana kuma iya rubuta sunan wanda kuka yi faɗa da shi jiya ko bai ce uffan ba. Dukkanmu mun yi makaranta, ko ta allo ko ta boko, kowa ya san wannan ba ƙage ba ne. Sannan mu girma mu zauna a majalisa muna tsine wa 'yan siyasa da masu tare hanya suna karɓar na goro a hannun direbobinmu, kamar daga sama suka faɗo. Ba muna cewa duk monita haka yake ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, kuma malami ɗaya a kan aji cike da yara dole ya nemi mataimaki. Amma riƙe bulala ba shaida ba ce. In za a duba monita, a tambayi ajinsa: ranar da ba ya nan, daɗi kuke ji ko kewarsa kuke yi?

Wani abin da muke rikitawa da shugabanci shi ne biyayya. Mu Hausawa muna son yaro mai sunkuyar da kai, wanda ba ya haɗa ido da babba, kome aka ce ya ce to. Tarbiyya ce mai kyau, ba mu da niyyar zubar da ita. Amma ku ji wannan. An taɓa fasa gilashin taga a wani aji, malam ya kama wani yaro zai hukunta shi. Sai wani ɗalibi ya miƙe, ya rusuna, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba shi ba ne." Malam ya ce to wane ne? Ya ce, "Na san shi, amma a yi min haƙuri zuwa gobe, zai zo da ƙafarsa." Ran malam ya ɓaci, ya ɗauke shi mai taurin kai. Washegari kuwa wanda ya fasa ya zo da kansa ya amsa laifinsa. Me ya faɗa masa a hanya, Allah kaɗai ya sani. Bai bari an zalunci marar laifi ba, bai tona asirin ɗan uwansa a gaban aji ba, bai kuma yi wa malaminsa ƙarya ko rashin kunya ba. Manya nawa ne a cikinmu za su iya fita daga irin wannan matsi da duka ukun a hannu? Sayyidina Abubakar (RA), a huɗubarsa ta farko bayan an yi masa mubaya'a, ya nemi jama'a su taimake shi in ya yi daidai, su kuma miƙar da shi in ya karkace. In duk yaron da ya buɗe baki da gaskiya muka kira shi fitsararre, wa zai miƙar da shugaba gobe? Akwai bambanci tsakanin fitsara da faɗin gaskiya cikin ladabi, kuma aikinmu ne mu manya mu iya rarrabewa ko da mu maganar ta taɓa.

Daga nan muka faɗa wata muhawarar, wadda ita ta fi cin dare. A tsarin da aka kawo, yaro ne zai cike takarda ya lissafa ayyukan shugabancin da ya yi. Na'ibin liman ya ce shi bai yarda ba. Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura (RA) neman shugabanci, ya nuna masa cewa wanda ya nema ana barinsa da kayansa, wanda aka ba bai nema ba kuwa ana taimakonsa. Mu kanmu muna cewa yabon kai jahilci. Yaya za mu zaunar da yaro mu koya masa tallar kansa? Kuma yarinyar nan mai tsallakar da yara, ranar da ta gane cewa abin da take yi yana kawo takardar shaida, anya niyyarta za ta zauna yadda take? Shugaban makaranta ya amsa da Annabi Yusuf (AS), wanda ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan rumbunan ƙasa, ya kuma ambaci cewa zai iya tsarewa kuma ya san aikin. Ya ce duniyar da yaran nan za su shiga, ko gurbin karatu ko aiki, sai ka iya faɗin abin da ka iya, in kuwa muka tarbiyyantar da su a kan noƙewa kullum, wasu za su riƙa shige musu gaba.

Kowannensu yana da gaskiya, shi ya sa abin ya yi wuya. Inda mu muka karkata shi ne: Annabi Yusuf ya yi maganar ne ana fuskantar shekarun yunwa, babu kuma wanda zai iya aikin kamarsa, nauyi ya nema. Yaronmu kuwa kujerar sahun gaba za mu sa ya nema. Don haka kada a ba yaro takardar yabon kansa. A tambayi waɗanda ke ƙarƙashinsa da waɗanda ba ya tsammanin komai daga gare su. A tambayi 'yan ajin farko wa ke raba su faɗa, wa ke ɗaure musu igiyar takalmi. A tambayi ladan wa ke zuwa ya cika butoci ba a aike shi ba. A tambayi mai gadi, a tambayi mai awarar bakin ƙofa wa ke biyan bashinsa kuma wa ke hana manya ƙwace na ƙanana. Waɗannan mutanen sun san 'ya'yanmu fiye da yadda muke zato, wani lokaci har fiye da yadda za mu so. Mun san wannan hanyar ma tana da ramukanta, gulma na iya shiga, son kai na iya shiga. Shi ya sa ba za a ɗauki shaidar mutum ɗaya ba, kuma duk wanda ya kawo suna sai ya faɗi abin da ya gani, da wuri da lokaci. "Yaron kirki ne" ba ta isa ba. Maganar koya musu bayyana kansu kuma, a yi ta a darasi dabam, a koya musu rubuta wasiƙa da tsayawa gaban mutane, wannan ba laifi.

Sai maganar kuɗi, wadda kowa ke kewaye ta. Wani ya kawo sharaɗin cewa duk wanda ake bin mahaifinsa kuɗin makaranta ba zai shiga ba, haka wanda kayan makarantarsa ba su cika ba. Mun fahimci dalilinsa, malamanmu sun sha yin wata biyu ba albashi, kuma su ma suna da iyali. Amma bashin na uba ne, me ya haɗa shi da halin ɗa? A Sahihul Bukhari akwai labarin Amru bin Salama (RA), wanda mutanensa suka gabatar ya yi musu limanci yana ɗan shekara shida ko bakwai, saboda ya fi su haddar Alƙur'ani. Tufarsa gajera ce har in ya yi sujada ba ta rufe shi, wata mata daga cikinsu ta yi magana. Ba su sauke shi ba. Riga suka saya masa, kuma shi da kansa ya ba da labarin irin murnar da ya yi da wannan rigar. In muka samu yaron da ya cancanta rigarsa ta yage, masallacin da ke tara sadaka kowace Juma'a ba zai rasa kuɗin yadi biyu ba.

Ɗaya gefen kuma ya fi nauyin faɗa. Akwai bayin Allah da suka rufa mana asiri, wani ya sayi kwanon rufi, wani ya haƙa rijiyar burtsatse, kuma 'ya'yansu suna makarantar. Babu ɗayansu da ya zo ya ce a saka ɗansa, Allah ya sani. Mu ne za mu ji kunya mu saka da kanmu, mu ce kada Alhaji ya ji ba daɗi, ga ginin aji biyu bai ƙare ba. Ranar da muka yi haka, yara za su riga mu ganewa. Su fa sun san junansu sarai. Da an karanto sunan da bai dace ba za su kalli juna, kuma abin da za su ɗauka daga makarantar da muke koya musu hadisin amana shi ne, girma saye ake yi. Gara a ce ba a kafa ƙungiyar ba. Haka kuma ba adalci ba ne a cire ɗan mai kuɗi don kada a ce an yi son kai, in ya cancanta haƙƙinsa ne. Abin da muka ba da shawara shi ne, duk wanda ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa ke cikin waɗanda ake dubawa ya tashi daga zaman, ko liman ne, ko shugaban kwamiti, ko sakatare.

Wani ya tambaya ko ba a bar mata a kan hali da karatu kawai ba, shugabanci a bar wa maza. Ba mu daɗe a kan wannan ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take zaɓen mata amintattu da ake kira jaji, su jagoranci 'yan uwansu daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu, su koma su karantar. Takan ba jaji malfa a matsayin alamar muƙaminta. Abin da ya kama hankalinmu a nan shi ne, malfar tare take zuwa da tafiyar ƙafa a rana da ɗawainiyar mutane. Ba a ba ka ita don ka zauna a inuwa.

Wannan ne ya kai mu ga abin da muke gani shi ne gyaran tsarin duka. Hausawa sun ce babba juji ne. In za a kafa ƙungiyar, kada ta tsaya a allo da takardar shaida. Kowane ɗaya daga cikin goma sha biyun a ɗora masa aiki sananne na shekara guda: wannan ya riƙe ƙanana uku da karatunsu ya yi baya, wannan ta kula da masu tsallaka titi, wannan ya tabbata akwai ruwan alwala kafin la'asar, wannan ya riƙa bin sawun ɗalibin da aka kwana uku ba a gani ba ya ji ko lafiya. Ba bulala a hannun ko ɗaya. Wanda ya saki aikinsa a yi masa nasiha, in ya ƙi a sauke shi ba tare da tozarci ba. In aka yi haka, yaron da ke son kujerar gaba kawai zai ja da baya da kansa, tsoron riya da na'ibi ya ambata zai ragu, waɗanda ba a zaɓa ba kuma ba za su ji an ce musu ba su da daraja ba, tunda abin da suka gani an miƙa wa 'yan uwansu kaya ne.

Akwai kuma rabonmu mu manya, wanda ba mu cika son ji ba. Manzon Allah (SAW), dab da rasuwarsa, ya naɗa Usama bin Zaid (RA) kan runduna yana matashi bai cika shekara ashirin ba, alhali akwai manyan sahabbai a cikinta, har wasu suka yi ƙorafi. Da Sayyidina Abubakar ya zama halifa bai canza shi ba. Ya raka rundunar yana tafiya a ƙasa Usama na kan abin hawa, kuma da yake son Sayyidina Umar ya zauna tare da shi a Madina, izinin Usama ya nema. To mu fa? In yaron da muka naɗa kan tsarin sahun takalma ya ce, "Baba, don Allah a ɗan matsar da takalmin nan gefe," za mu matsar, ko za mu ce kai ɗan wane ne? In yarinyar nan ta ɗaga wa ɗan acaɓarmu hannu a bakin titi, zai tsaya? Wasunmu a wurin zaman sun yi dariya da aka yi wannan tambayar, amma ba wanda ya amsa.

Kwamiti zai sake zama ranar Lahadi bayan sallar la'asar, a harabar makaranta, kuma ƙofa a buɗe take ga duk uba. Iyaye mata za su zauna da malamar ajin manya ranar Asabar da hantsi, ita za ta kawo mana abin da suka ce. Kafin nan mun ajiye akwati kusa da wurin ajiye takalma. Abin da muke roƙo kowa ya rubuto shi ne sunan yaro ko yarinya guda ɗaya, wanda ba naka ba kuma ba na ɗan uwanka ba, da abin da ka gan shi ya yi da idonka. Da boko ko da ajami duk muna karantawa. Wanda rubutu ke ba shi wahala ya sami sakatare bayan sallar magariba a faɗa masa da baki, ba za a bayyana sunan mai shaida ba.